Birnin Gwari: Tuwo Ya Dawo, Saura Miya

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya yi tattaki zuwa Birnin Gwari, inda ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da aka ce sun tuba, ya kuma sake buɗe kasuwar shanu ta garin, watau kara, wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe. Tun daga ran nan labarin da ke fitowa daga yammacin jihar ya sake kama. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kimanin kilomita 120, wadda a da sai da rakiyar soja ake bin ta, kuma ko da rakiyar sai mutum ya yi wa iyalinsa sallama irin ta wanda ba shi da tabbacin dawowa, ta sake ɗaukar manyan motoci. A daminar 2025 manoma da dama sun sa garma a gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Ba a daina jin labarin hari nan da can ba, kuma masu shakkar ɗorewar wannan sulhu suna da hujjarsu, gama an ƙulla irinsa a Zamfara da Katsina a 2019, bai je ko'ina ba. Duk da haka, wanda ya taɓa kwana a daji da 'ya'yansa saboda tsoro ba zai rena barcin da ya samu a ɗakinsa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne irin mudun da ake auna zaman lafiyar da shi. Jami'an gwamnati suna ƙidaya motocin shanun da suka fita daga kara, da buhunan masarar da aka loda, da faɗin gonakin da aka koma nomawa, kuma duk waɗannan abin godiya ne. Amma akwai wani mudu da ba a cika ɗaukowa ba, shi ne ɗan kwanon da ake ajiyewa a gaban yaro ɗan shekara ɗaya. A gidaje da yawa tuwo ya dawo cikin wannan kwano, ko kuwa yana kan hanya. Miya ce ta yi jinkiri. Idan muka ce miya kuwa, muna nufin dukan abin da ke raka hatsi zuwa cikin yaro, wake da gyaɗa da ganye da daddawa da mai da nono da ƙwai da ɗan kifi. Shekarun tashin hankali sun fi yi wa waɗannan ɓarna a kan masara, sun kuma fi masara wuyar dawowa.

Ƙasar Birnin Gwari ba ƙasar yunwa ba ce. Tana samun ruwan sama fiye da Katsina da Sakkwato, tana karɓar masara da dawa da shinkafa da doya da waken soya, kogin Mariga da ƙoramunsa kuma suna ba da kifi da fadamu. Hausawa da Gbagyi da Kamuku da Fulani sun daɗe suna cin arzikinta tare. Sa'an nan ga daji. Tun 1936 aka keɓe dajin Kamuku a ƙarƙashin hukumar En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Gandun kansa doka ta hana a taɓa, amma dazuzzukan da ke kewaye da shi, da itatuwan da manomi ke bari a tsakiyar gona idan yana sassabe, su ne rumbu na biyu na macen karkara.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda wannan rumbu ke buɗewa bi da bi. Da bazara, wajen watan Afrilu, ɗorawa ke nuna, yara su sha garinta har bakinsu ya yi rawaya, uwa ta dafa kalwa ta yi daddawar da za ta riƙe ta watanni. Da ruwa ya sauka sai kaɗanya ta fara zuba, a sha 'ya'yan, a tara ƙwarar a yi man kaɗe na girki da na sayarwa. Ga kuka, ga tsamiya, ga ɗinya da kanya, ga tafasa da lalo da karkashi waɗanda ke fitowa ba wanda ya shuka su. Wannan abinci ba ya shiga lissafin ma'aikatar gona, tun da ba a loda shi a tirela, amma da shi ake ƙetare watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbun maigida ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka sa yara gaba.

Idan mai karatu bai manta ba, masifar ta soma ne da fashi da satar shanu. A watan Oktoba na 2012 aka kashe aƙalla mutum 20 a Dogon Dawa. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kai aka tura sojoji, Gwamna Nasiru El-Rufa'i yana gargaɗin kada Kamuku ta zama wata Sambisa. A watan Mayu na 2018 harin Gwaska ya ci rayuka fiye da 40, har Gwamnatin Tarayya ta amince a girke bataliyar soja a yankin, bayan kukan da Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, da talakawansa suka daɗe suna yi. Daga baya 'yan ƙungiyar Ansaru suka sami wurin zama a gabashin ƙasar, wajen Damari. Ƙungiyar ci gaban masarautar, watau BEPU, ta sha sanar da duniya cewa sai manoma sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A 2021 kuma, don a matse 'yan bindigar, gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta hana hawan babura, aka katse layin waya na kusan wata biyu.

To, dubi yadda wannan duka ya shiga tukunya. Manomin da aka ƙuntata wa, wanda gonar bakin gari kaɗai ta rage masa, abin da zai cika ciki zai shuka, sai ya zuba masara, wake da gyaɗa da riɗi su jira wata shekara. Matarsa ba za ta shiga daji tsintar kaɗe ko kaɗo ɗorawa ba, tun da an san abin da ke samun macen da aka kama a can, kuma gayaunarta ta kuɓewa da yakuwa da kabewa ta zama saura. Awaki da tumaki, waɗanda su ne asusun mace, an kora wasu, an sayar da wasu don biyan fansa. Ƙwaryar nono ta daina shigowa gari, gama Fulanin ruga suna cikin waɗanda aka fara raba su da shanunsu, wasu suka yi ƙaura zuwa kudu, wasu 'ya'yansu suka shiga daji, wasu kuma ramuwar gayya ta faɗa musu alhali ba su ji ba su gani ba. Da aka rufe kasuwa sai manja da busasshen kifi suka yi nisa. Iyalan da suka gudu cikin garin Birnin Gwari ko gefen Kaduna kuwa, macen da ta saba tsinko kuka a bayan gida ta koma sayen garinta a ƙulli. Ana cikin haka aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Wani zai ce ai in dai ciki ya cika, magana ta ƙare. Ga babba mai yiwuwa a lallaɓa da haka na wani lokaci, ga yaro kuwa ba haka ba ne. Furotin, watau sinadarin da ke gina tsoka da ƙwaƙwalwa, bai wuce kashi 9 ko 10 cikin ɗari na masara ba, kuma wanda ke cikinta bai cika ba sai an haɗa shi da na wake ko gyaɗa ko nono. Wake yana da sama da kashi 20, gyaɗa wajen 25, waken soya kuwa yana kusan kai wa 40. Sa'an nan cikin yaro ɗan wata takwas bai fi ƙaramin kofi ba. Idan aka cika wannan kofi da tsararon koko, yaro zai yi shiru ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali kuwa ruwa ne ya sha. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1933 wata likita 'yar asalin Jamaika mai suna Cicely Williams, tana aiki a Akra ta ƙasar Gana, ta bayyana ciwon da ke kama yaran da aka yaye su a kan kunun masara zalla, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta ɗaɗɗaye. Sunan da duniya ta san ciwon da shi, kwashiyoko, daga harshen Ga ta ɗauko shi, ma'anarsa kuwa ciwon da yaro ke yi idan aka yi masa ƙane. Iyayenmu mata da ke tsoron kwanika sun san abin tun kafin a rubuta shi.

Amma tamowar da ta fi yawa ba ta kumbura ƙafa, shi ya sa ba a ganinta. Yaro ne kawai zai ƙi tsawo, ɗan shekara huɗu ya yi kama da ɗan shekara biyu, a ce gadon gidansu ne. Ma'aikatan lafiya suna kiran wannan tsumburewa, kuma yawancinta tana faruwa ne cikin kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a mai da shi duka daga baya, ko a jiki ko a kai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya nuna adadin ƙasa ya hau zuwa kashi 40. Yaron da aka haifa a ƙauyukan Birnin Gwari a shekarar harin Gwaska ya riga ya wuce waɗannan kwanaki 1,000 tun tuni, kuma ya yi su ne a lokacin da miya ta fi tsarkakewa. Wanda aka haifa bayan buɗe kara shi ne ake da damar yi wa wani abu yanzu.

Ba za a ce Gwamnatin Kaduna ta naɗe hannu ba. A 2016 ta fara ciyar da 'yan firamare, a 2017 ta ƙaddamar da shirin gaggawa na yaƙi da tamowa, a 2019 kuma ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida don su shayar da nono zalla. Sai dai abincin makaranta yana samun yaro ne bayan ɓarnar ta riga ta auku, hutun haihuwa kuwa na mai albashi ne, bai san matar da ke goye da jariri a kunyar masara ba. Shirin yaƙi da tamowa kuma ta ɗakin shan magani yake bi, a ƙauyukan da ma'aikatan lafiya suka gudu sai ya tsaya a bakin hanya.

Maganin da aka fi dogara da shi idan yaro ya rame ƙwarai shi ne abincin tamowa na 'yar leda, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A yunwar Nijar ta 2005 ya yi suna, sa'ad da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, yawancinsu a yankin Maraɗi. Ya ceci rayuka ba iyaka, kuma duk yaron da ya kai wannan matsayi asibiti ne wurinsa, kada a tsaya dabarar gida. Amma kuɗinsa daga waje ya fi fitowa. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage abin da suke bayarwa. A watan Yuli na shekarar MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida kacal. Katsina kuwa maƙwabciya ce, ta wajen Sabuwa iyakarta ɗaya da Birnin Gwari, dajin ɗaya ne, masifar ma ɗaya. Wanda ya karanta abin da aka rubuta a jikin ledar nan zai ga gyaɗa ce, da madara, da mai, da sukari, da ƙarin bitamin. Ban da ƙarin, babu wanda baƙo ne a ƙasar nan.

Shi ya sa abin da ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, ta yi a Arewa maso Gabas ya cancanci a dube shi. A can ta tattara mata rukuni-rukuni suna haɗa garin kunun da ake kira Tom Brown don yaran da suka fara ramewa amma ba su kai ga kwanciya ba. Awon ba shi da wuya: mudu shida na hatsi, ko gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, mudu uku na waken soya, mudu ɗaya na gyaɗa. A wanke, a shanya, a soya kowanne daban, a ɓarza soyan a sheƙe dusar, sa'an nan a haɗa a niƙa. Soyan dole ya soyu sosai, gama ɗanyensa yana hana abinci narkewa. A dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, in da hali a ɗiga manja ko man gyaɗa, a zuba garin busasshen kifi ko na zogale. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ƙasar Birnin Gwari ba ta iya bayarwa.

A nan ne kuma sabon haɗari yake, domin hanyar da ta buɗe ta buɗe ne ta fuska biyu. Waken soya amfanin gona ne mai kuɗi. Masu matse mai suna nemansa, masu haɗa abincin kaji suna nemansa, kuma tun 2017 kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji a Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Birnin Gwari. Samun mai saye alheri ne ga manomi, ba mu ce ba. Amma mutumin da ya fito daga shekarun haraji da fansa, bashi a wuyansa, rufin ɗakinsa a ƙone, da kaka ta yi dillali zai same shi tun a gona, ya kwashe soya da wake da gyaɗa tun da su ne masu daraja, a bar wa gida masara. Ta haka sai a wayi gari kajin gidan gona sun fi 'ya'yan manomi samun furotin daga gonar ubansu. Gwamnatin jiha ta raba ɗaruruwan motocin takin zamani a 2024 da 2025, abin da ya fi taimakon masara da shinkafa. A ganinmu da an haɗa kowane buhun taki da 'yan mudu na irin wake da soya da gyaɗa daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin waɗannan ba su da cin taki kamar masara, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, juya su da hatsi kuma yana rage ƙuduji. Cibiyar tana da irin masara mai ruwan lemo da ke ɗauke da bitamin A, amma mutane ƙalilan ne suka san da ita.

Motar da ke ɗaukar masara ita ce kuma ke ɗaukar gawayi. Tsadar gas da kananzir ta sa biranen arewa sun koma kan gawayi, kuma itacen kaɗanya yana cikin waɗanda masu ƙona shi suka fi so saboda nauyinsa. Tsoro ya hana gatari shiga wasu wurare shekara da shekaru, yanzu tsoron ya ragu. Kaɗanya tana ɗaukar kimanin shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, a yini ɗaya kuwa ake kayar da ita. Hakimai da dagatai sun san dokar gargajiya da ta hana sare ɗorawa da kaɗanya da kuka, lokacin tayar da ita ya yi tun kafin a rasa abin da za a hana.

Akwai kuma batun shanya. Shekarun tsoro sun koya wa mutane girbi cikin gaggawa, a kwashe masara da gyaɗa da sauran danshi a cusa a buhu. Funfunar da ke kama su tana haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa, tana lalata hanta, masana kuma sun danganta ta da tsumburewar yara. Mugun abin shi ne, gyaɗa mai kyau ita ake kai wa kasuwa, tsintar da ta rage, mai baƙi da ɗaci, ita ake yi wa yara ƙuli-ƙuli da kunu. A shanya a kan tabarma ko leda, a tsince mai funfuna a zubar.

Maganar nono ita ce ta fi wuyar faɗi, musamman ga 'yan'uwa da suka binne nasu ko suka sayar da gona don fanso ɗa. Ba wanda zai ce su manta, kuma sulhun da bai tanadi komai ba don gwauraye da marayun da aka bari, sulhu ne mai ƙafa ɗaya. Amma gaskiya ita ce, mai tallan nono da furarta ba ita ta ɗauki bindiga ba, sau da yawa ita ma gwauruwa ce, nata 'ya'yan ma suna ramewa saboda ba ta da hatsi. Tsohon cinikin nan na nono da dawa, na kashin shanu da karan gona, shi ya riƙe yaran ɓangarorin biyu tun kaka da kakanni. Rabin ludayin kindirmo a cikin kunun yaro yana yin aikin da mudun masara ba zai yi ba. Ranar da Bafulatana ta sake sauke ƙwaryarta a ƙofar gidan Bagbagyi ko Bahaushe ba tare da kowa ya ji tsoro ba, ran nan za a san sulhun ya sauko daga wurin manya. Kafin nan, madarar waken soya da awara suna iya toshe wani giɓin, akuya ma tana da nono, ko da yake mutanenmu da yawa ba su saba da shi ba.

Wani laifin kuma ba na 'yan bindiga ba ne, namu ne na cikin gida. Har yanzu akwai gidajen da tsokar nama ta maigida ce, yaro sai romo. Akwai masu cewa ƙwai yana sa yaro sata, sai a kai shi kasuwa a sayo biskit da lemon kwalba. Akwai kakannin da ke sa a matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri, ko su ɗura wa ɗan wata biyu ruwan rijiya wai yana jin ƙishi. A faɗin ƙasar nan kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, adadin bai motsa ba tsakanin binciken 2018 da na 2023 zuwa 2024. Dunƙulen ɗanɗano ya kori daddawa daga tukwane da yawa, shi kuwa yawancinsa gishiri ne, ita kuma abinci ce. Ba kowane kayan kanti ne abin gudu ba, gishiri mai aidin da aka wajabta tun 1993 ya rage maƙoƙo ƙwarai. Amma taliyar leda ba ta kama ƙafar faten wake da alayyahu ba, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ganyen kuka da zogale ma a inuwa ya kamata a shanya su, rana tana cinye amfaninsu.

Ikilisiyoyinmu suna da abin da hukuma ba ta da shi, watau suna ganin uwa da ɗanta kowane mako. Akwai ɗan tef na awon damtse, mai launi uku, wanda ma'aikatan lafiya ke amfani da shi ga yara daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, ko kuwa aka danna ƙafar yaro yatsa ya bar rami, a tafi asibiti a ranar. In ya nuna rawaya, gargaɗi ne, a kai shi a duba, a kuma gyara kwanonsa. Koyon awon ba ya ɗaukar rabin sa'a, kuma ba mu ga abin da zai hana kowace Zumuntar Mata ta sami mutum biyu da suka iya ba, su auna 'ya'yan maƙwabta ma, Kirista da Musulmi. Haka nan amfanin gonar da ake tarawa ran godiyar kaka, wanda a wurare da yawa gwanjonsa ake yi, dattawa suna iya ware soya da gyaɗa da wake daga ciki, mata su haɗa gari a ajiye don watannin marka. Ikilisiyoyin cikin Kaduna da ke aika tufafi da shinkafa ga 'yan gudun hijira kuwa, akuya mai ciki ɗaya ko kaji biyar a hannun gwauruwar da ta koma ƙauye sun fi buhun shinkafa daɗewa.

Ga maigida kuma ga lissafi, a yi shi tun kafin dillali ya iso. A ce a gida akwai ƙananan yara biyu, kowannensu yana shan giram 200 na garin nan a rana. Bisa awon shida da uku da ɗaya, soyan da ke cikin rabon kowane yaro giram 60 ne, gyaɗa giram 20. A shekara, yaran biyu za su ci soya wajen kilo 44, watau bai kai rabin buhu mai kilo 100 ba, gyaɗa ɓararriya kuma wajen kilo 15. Wannan rabin buhu da 'yan mudun gyaɗa a ware su tun a masussuka, a damƙa wa uwargida, a kuma riƙa niƙa na mako biyu-biyu kawai, domin garin da ke da gyaɗa ba ya son daɗewa.